Kilo Shida

"Hau mana," na ce masa, ban ɗago kai daga akwatin ba.

Ya cire takalmansa ya hau sikelin da na aro wurin maƙwabciyata. Haka muke auna kaya: ya hau shi kaɗai, sannan ya rungumi akwati ya sake hawa, a cire na farko daga na biyu. Malamin lissafi ne, shi ya koya mini dabarar tun ina matarsa.

Wata goma sha ɗaya ke nan da ya sake ni.

Ba faɗa muka yi ba. 'Yarmu, wadda yake kira Tsuntsuwa saboda ƙarancin cinta, da ciwon sikila aka haife ta. Ranar da aka kwantar da ita karo na biyar, mahaifiyarsa ta ce jininmu bai haɗu ba, ba za ta zuba ido mu cika gida da marasa lafiya ba. Ya yi kuka, na yi kuka, ya rubuta.

Yanzu na samu aikin jinya a ƙasar waje, a asibitin da ke da sashen masu irin ciwonta. Jibi jirginmu zai tashi. Komai ya kammala sai abu ɗaya: takardar amincewar uba. In babu sa hannunsa, Tsuntsuwa ba ta fita. Sati biyar takardar tana wurinsa.

"Nawa?" na tambaya.

"Sittin da takwas."

Biro ya tsaya a hannuna. A bangon littafina akwai lambar da na rubuta wata biyu da suka wuce, ranar da muka auna kwalayen da aka tura gaba. Saba'in da huɗu.

"Sikelin nan ya lalace," na ce.

"Lafiyarsa ƙalau, Nas."

Sai a lokacin na dube shi sosai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa, da ƙusa ma, ba a daidai ba.

"Malam... ba ka cin abinci?"

"Ina ci. Miƙo akwatin."

Ya rungume shi ya hau. Kilo ashirin da biyar, biyu sun haura ƙa'idar jirgi. Muka zauna a ƙasa muka zazzage shi. Rigunan sanyi shida, safa, huluna, robar ruwan zafi biyu, magungunanta na wata uku, kowane da takardar likita a naɗe.

Ya ɗaga wata 'yar safar hannu yana juya ta.

"Sanyi ne ke tayar mata da ciwo, kin fi kowa sani. Kuma ƙasar sanyi za ki kai ta."

"Gidan da ɗumi, na tambaya. Makarantar ma. Asibitin minti bakwai ne a ƙafa. Nan fa? Ka manta ranar da muka zaga asibiti uku muna neman jini?"

"Ban manta ba."

"To me ya hana ka sa hannu?"

Tsuntsuwa tana barcin rana a kan katifar da ta rage a ɗakin, bakinta a ɗan buɗe.

"Yaya ta ce wani likita ne ya nema miki aikin," ya faɗa a hankali. "Ta ce kina isa za a ɗaura. 'Yata ta tashi tana kiran wani Baba..."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na bin ta.

"Yayarka? Ni kuma ta tare ni a bakin asibiti ta ce an sa maka rana da ƙanwar ƙawarta, kada in yi tunanin za ka bari in tafi da jininku."

"Ba a sa komai ba. Suna dai ta kawo mini hotonta."

"Likitan kuwa mace ce, Malam. Tana da jikoki huɗu."

Ya rufe fuskarsa da safar hannun. Kafaɗunsa suka fara rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Abar ƙaunata..."

Wata goma sha ɗaya ban ji wannan kalmar ba. Ta shige ni har ƙashi.

"Mu mayar da aurenmu. Gobe ma. Tsuntsuwa kaɗai ta ishe ni, wallahi ta ishe ni. Zan biyo ku."

Allah ya sani na so in ce to. Bakina har ya buɗe. Amma na san yadda yake tsayawa kallon yaran maƙwabta suna ƙwallo. Na san shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarsa, ga ta da hawan jini, ba zai iya barinta ba. Ni kuma na riƙe yarinya tana ihu ƙasusuwanta na ciwo, ba zan sake kawo wani duniya ya sha wannan ba.

"Kada ka jira ni," na ce. "Kuma kada ka sa in zaɓa tsakaninka da ita. Ka san wa zan zaɓa."

"Na sani. Shi ya sa nake sonki."

Ya ciro takardar daga aljihun gaba. Ta yi laushi don yawan naɗewa da buɗewa. Ya ɗora ta a kan akwatin, ya karɓi birona, ya sa hannu.

Na cire takalmana biyu da littattafaina uku. Akwatin ya dawo ashirin da uku cif.

"Sharaɗi ɗaya," na ce, ina share fuska. "Ka sayi sikeli. Duk ƙarshen wata ka hau ka turo mini lambar. Ba na son uban 'yata ya ƙare."

"To, Nas," ya ce, har da ɗan murmushi.

Ya durƙusa ya sumbaci goshin Tsuntsuwa. Bai tashe ta ba.

Bai taɓa saɓawa ba. Sittin da takwas. Sittin da bakwai. Sittin da bakwai. Nakan yi masa faɗa a waya, ya ce in ba shi 'yarsa su yi hira, ni na cika mita. Sai lambar ta fara hawa. Sittin da tara. Saba'in da ɗaya.

Yau shekara ɗaya da wata biyu da zuwanmu. Sau ɗaya tak aka kwantar da Tsuntsuwa. Da safen nan ina ɗaura mata hula saƙonsa ya shigo.

Saba'in da huɗu.

Ban tambayi wa ke yi masa girki ba. Ni na ce kada ya jira.

"Mama, me ya sa kike kuka?"

"Babanki ya warke," na ce. Na ja mata zif ɗin rigar har wuya, muka fita.