Jan Dutsen Junaidu

Rana ta yi ja, awaki sun dawo da kansu, Inna Hasana tana tuƙin tuwo a gindin murhu. A kusurwar zaure gangar Sirajo tana juyawa, ƙur-ƙur-ƙur, yadda ta saba.

Ba gangar kiɗa ba ce. Guntun bututun roba ne mai kauri da aka toshe bakinsa biyu, injin tsohuwar fanka na juya shi, batirin sola na ba shi wuta. A ciki akwai duwatsu, da ruwa, da garin dutsen wasa wuƙa. Mako guda suna gogar juna, sai a wanke, a zuba gari mai laushi, a sake rufewa. Bayan wata ɗaya, dutsen da ka taka a turɓaya ba ka ko dube shi ba zai fito yana sheƙi kamar an tsamo shi daga zuma.

Junaidu, wan Sirajo, shi ya ƙera ta. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. A kwalabe yake jera su bakin taga. Mutanen unguwa suna dariya, wai namiji da gemunsa yana yi wa tsakuwa wanka, kuma Sirajo yana cikin masu dariyar. Daminar bara zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da Junaidu. Bayan arba'in, shirun gidan ya fi ƙarfin Sirajo, sai ya kunna gangar, bai kuma bari ta tsaya ba. Dutsen ƙarshe da wan nasa ya gama, ja ne, girman dabino, da farin zare a tsakiyarsa. Shi bai shiga kwalba ba. A aljihun Sirajo yake kwana, yake tashi.

Ana fara kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi.

Inna ta ɗaga kai, muciya a hannu. Na biyu ya sauka, na uku, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san akwai mutane ciki. Sirajo ya fita ya zagaya gidan. Lungu fayau, ba kowa. Da ya dawo ya tsinci ɗaya a tsakar gida, ya ji shi jiƙe, yana warin laka, alhali rabon garinsu Illela da ruwa kwana ashirin ke nan.

Washegari haka, wanshekarenta ma haka. Bakwai ake jifa, sai a yi shiru. A yamma ta uku Sirajo ya tsuguna zai gyara zaren da ke jan gangar, sai ya ji wani sauti ƙarƙashin ƙarar duwatsun, siriri, kamar macen da ta toshe bakinta da gyale tana kuka. Bai faɗa wa kowa ba.

A ta huɗu ƙanwarsa Radiyya, budurwa mai surutu da ba ta raga wa kowa a gidan, ta kawo masa ruwan alwala. Ta ajiye butar, ba ta juya ba. Ta durƙusa ta kara kunnenta a jikin gangar.

"Radiyya, mi na na?"

Ba ta dube shi ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe.

"Tsaida shi."

Sirajo ya fizge wayar batirin. Gangar ta ci gaba da juyawa, sau ɗaya, sau biyu, har bakwai, sannan ta tsaya. Radiyya ta zube a ƙasa.

Kwana biyar ba ta ci abin kirki ba. An kai ta asibiti, aka auna, ba a ga komai ba. Da rana tana kwance idonta biyu; da yamma ta yi sai ta rarrafa zuwa taga, ta zazzage kwalaben Junaidu, idanu a rufe, ta dinga lalube duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana yar da su. Kumatunta suka faɗa. Inna ta aika ƙauyen Araba a kira Malam Maccido, tsohon abokin karatun mahaifinsu marigayi.

Bayan la'asar ya iso, gajeren dattijo mai sanyin magana. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta riƙe kan ɗiyarta a cinya, shi kuma ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Can jikin Radiyya ya sandare, yatsunta suka kama gefen tabarma.

"Assalamu alaikum," in ji Malam. "Wa ad da magana?"

"Mai abin da anka ɗauke."

"Musulma kike?"

"Tun ba a haihi kakanka ba."

"To mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Tambayi mai ganga. Tambaye shi mi ya kwasa ƙarƙashin gawo, bakin koramar Lafani."

Sirajo ya tuna. Kusan wata guda da ya wuce ya je ƙauyen Lafani gyaran injin ban-ruwa, wanda shi ne sana'arsa. A hanyar dawowa ya tsaya bakin korama neman duwatsu. Ƙarƙashin wani gawo ya ga guda bakwai, kore-kore da ruwan ƙasa, an jera su a ɗan zagaye da bai kai kamu biyu ba. Ya lura an jera su. Ya ce a ransa wasan 'ya'yan makiyaya ne. Ko bisimilla bai yi ba, ya kwashe su duka, yana tunanin yadda Junaidu zai yi murna da irin wannan launi.

"Kushewar ɗana ce," in ji muryar. "Idanuna sun tahi da daɗewa. Da hannu nike gane wurin."

Malam Maccido ya juyo. "Suna ina?"

"Cikin gangar, Malam."

"Ɗauko."

Sirajo ya buɗe bututun, ya tsiyaye ruwan toka-toka, ya wanke su a ƙwarya. Mako uku sun yi aikinsu. Duwatsun sun fito sumul, ba kusurwa, ba tabo, kyawawa ƙwarai. Ya ajiye ƙwaryar gaban ƙanwarsa.

Yatsun Radiyya suka shiga ƙwaryar. Ta ɗauki na farko ta juya shi, ta juya, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu. Kafin ta kai na bakwai hawaye sun jiƙa zanin Inna.

"Akwai mai ƙaho, shi ad daidai kansa. Akwai mai tsaga, wajen ƙahwahunsa. Ina suke? Ka goge musu huska, ɗan Adam. Ban san ko ɗaya ba."

"Za a maida miki su," in ji Malam.

"A maida min baƙi? Ya ɓatar min da nawa, ni ko na zauna nan. Jikin wagga ɗiya da ɗumi."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Radiyya ta murɗe, ta yi nishi, amma muryar ba ta gudu ba.

"Ƙone ni, Malam. Ka aza wuta ta hi abin da ke cikina?"

Malam ya dakata. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"An cuce ki, na yarda. Amma yarinyag ga ba ta ɗauki komi naki ba, kuma Allah zai tambaye ki hakkinta. Ba za a yi miki yanka ba, ba za a ba ki jini ba. In akwai abin da zai biya ɓarnar, halal, hwaɗi."

Daga nesa ladan ya gyara murya.

"Gidan ga akwai dutse guda da anka yi kuka kansa. Tun daga ƙohwa na ji shi. Shi zan gane ko cikin dubu. A sa min shi wajen kai."

Hannun Sirajo ya riga tunaninsa zuwa aljihu. Ya damƙe shi. Rigunan Junaidu an rabar, babur ɗinsa an sayar, wayarsa ta mutu. Wannan kaɗai ya rage da yatsun wansa suka taɓa a ƙarshe. Ranar da Junaidu ya fito da shi daga ganga ya miƙo masa ya ce duba, Sirajo kuwa ya ce yana sauri.

"Malam, ga kwalabe nan cike. Ta zaɓi goma. Ta kwashe duka."

"Ba su ta roƙa ba, Sirajo."

Sirajo bai motsa ba. Yana kallon wuyan ƙanwarsa da ya zama kamar kara, yana jin kunyar kansa, amma yatsunsa sun ƙi buɗewa.

Sai Inna ta yi magana. Junaidu ɗan farinta ne. Bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ko ranar da aka fita da shi ba wanda ya ga hawayenta. Ta sunkuya kan fuskar Radiyya, ta tambayi wadda ke ciki a hankali, kamar maƙwabciya ta zo gaisuwa.

"Baiwar Allah, na hwari na?"

"Na hwari na."

"Allah shi ba mu haƙuri."

"Amin," in ji muryar, ta karye.

Inna ta ɗago, fuskarta jiƙe. "Sirajo, mu mun san inda namu yake kwance. Ba ta."

Ya fito da jan dutsen. Da ɗumin jikinsa a kai. Ya sa shi a tafin Radiyya, yatsun suka rufe, suka bi farin zaren daga wannan gefe zuwa wancan.

"Shi na," in ji muryar. "Kahin rana ta take gobe."

"Kin yi alkawari da sunan Allah ba ki dawowa?"

"Na yi. Assalamu alaikum, mutanen gida."

Radiyya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ladan ya kira salla. Duk suka kasa kunne ga kwano, kwano bai ce komai ba. Can ta buɗe ido, ta dubi ƙwaryar, ta dubi wanta.

"Yaya Sirajo, mi kake wa kuka kamar amarya? Inna, yunwa nike ji."

Da hantsi Sirajo ya isa gindin gawon shi kaɗai. Ya yi bisimilla, ya yi sallama. Ramukan nan bakwai suna nan a ƙasa, ya mayar da kowane cikin ɗaya. Jan ya sa shi ta kudu, inda ake sa kan mamatanmu. Ya yi addu'a ga mai kushewar, ya yi wa Junaidu, ya tashi bai waiwaya ba.

Mako biyu gangar tana zaure a kashe, gizo-gizo ya fara saƙa a jikinta. Wata yamma Inna ta same shi zaune kusa da ita. Ta miƙo masa wani mummunan dutse mai ƙura, daga gindin katangar da Junaidu ke jingina in ya dawo kasuwa.

"Wanga na gidanmu na, ba shi da mai shi. Kunna abin yayanka. Gidan ya yi shiru."

Ya zuba ruwa, ya zuba gari, ya haɗa wayar. Gangar ta ɗauka, ƙur-ƙur-ƙur. Ya saurara da kyau. Ƙarar dutse ce kawai. Hannunsa ya tafi aljihu kamar kullum, ya tarar ba komai, ya bar shi a can.