Gefen Da Ke Da Barkono

"Ki ba ni zoben uwata."

Ko gaisuwa babu! Haka Signora Dorina, mahaifiyar saurayina Tiziano, ta faɗo shagonmu ta tsaya a gaban kanta, jaka a hammata, tana yatsina kamar ta taka kashin kaji.

Hannuna dumu-dumu da cuku, ban ko goge ba.

"Barka da rana, Signora."

"Riƙe barkarki, Nunzia. Kin ce kin fasa auren ɗana, to zoben fa? Ko gadonki ne?"

"Na kai masa har gonar lemo, ya zuba hannu a aljihu. Na jefa masa ta tagar mota, washegari na tsince shi a kan sikelin nan. Ɗanki ne ya ƙi karɓa."

"To miƙo min."

"Wanda ya saka min, shi zan mayar wa."

Ta san gaskiya na faɗa. A wurinmu, in dai zobe bai koma hannun wanda ya bayar ba, alkawari na nan daram. Abin da ke hana ta barci ke nan.

Ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Ranar Asabar muna shagalin cika shekara arba'in da aure, ni da babansa. A nan zan sanar da baikonsa da Loredana, 'yar gida, jininmu na Veneto. Da zobe ko babu zobe."

"Shi ya ce yana so?"

"Tiziano bai taɓa musa min a gaban mutane ba. Ke ma shaida ce."

Maganar ta soke ni har ƙashi, don kuwa ni shaida ce.

Ranar Ista aka kai ni gidansu cin abinci. Na tashi tun asuba na yi musu gungumen cuku irin wanda marigayiya Mammata ta koya min, na ɗauko shi da hannu bibbiyu. Signora ta leƙa faranti ta ce, "Wannan kuma a wane gari na Italiya ake cin sa? Uwarki dai ta kwaikwayi 'yan Ostireliya ta liƙa mana suna. Ku mutanen Calabria, komai sai kun lafta masa barkono don a kasa gane ba ku iya girki ba."

Aka kwashe da dariya.

Na dubi Tiziano... shi kuma yana duban cokalinsa.

Dukkanmu a garin Griffith na ƙasar Ostireliya aka haife mu, asibiti ɗaya, makaranta ɗaya, amma har gobe su 'yan Veneto ne na arewacin Italiya, mu 'yan Calabria na kudu. Wannan bai dame ni ba. Shirunsa ne ya kashe ni. A ranar na zare zoben.

"Af, na manta," in ji Signora daga bakin ƙofa. "Ki yi mana gungumen nan naku, baƙinmu 'yan Ostireliya suna so. Ki kawo da kanki. Kuma ban da barkono!"

So take in ƙi, ta yaɗa a gari cewa baƙin ciki ya kwantar da ni.

"Za a kawo, Signora. Mu ba ma korar mai saye."

Ranar Juma'a da la'asar ina bayan shago ina haɗi, sai ga shi ya shigo, takalmansa duk jar ƙasar gona.

"Nunzia, rayuwata..."

"Kar ka ƙara! Kuma ka cire min ƙazaman takalmanka daga wurin abinci."

Na ci gaba da murza cuku mai laushi da ludayi, kamar shi nake murzawa. Na zuba busasshen tumatir, yankakken zaitun, tafarnuwa da ganyen basil mai ƙamshi. Ya tsaya yana kallona kamar maraya.

"Kin rame."

"Kai kuwa ka yi ƙiba. Shiru yana karɓar ka."

"Haba masoyiya, ki saurare ni. Na ji abin da Mamma ke shiryawa. Zan yi mata magana."

"Yaushe? Ranar sunan ɗanku na fari da Loredana?"

"Kin san tana da hawan jini..."

"Tawa uwar tana kabari, Tiziano! Aka zage ta a kan teburinku, kai kana ƙirga haƙoran cokali mai yatsu!"

Na zaro zoben daga aljihun rigar girki na miƙa masa.

"Ungo."

Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba zan karɓa ba. Ko za ki kashe ni."

"Ba ka iya karɓa, ba ka iya magana. To me ka iya?"

"Son ki."

"Mtsw! A bayan shago. Fita!"

Ya fita, ni kuma na zauna a kan buhun fulawa na yi kuka mai isata. Ina son sa, abin haushin ke nan. Ina son sa kamar in mutu.

Da na share fuska, sai dabara ta zo min.

Tun farkon haɗuwarmu, duk gungumen da na yi in zai ci, gefe ɗaya nakan cusa masa barkonon Calabria, in dasa baƙin zaitun guda a kai don ya gane. A gidansu ba a cin yaji, shi kuwa ya mutu a kansa, sai dai a ɓoye. Wannan sirrin mu biyu ne.

Na shimfiɗa leda, na juye haɗin, na mulmula shi ya yi tsawo kamar guntun icce. Na huda gefe ɗaya, na danna barkono har sai da idona ya kawo ruwa. Na naɗe zoben a ganyen basil na tura shi can ciki, na shafe bakin. Ya kwana a firij. Da safe na birgima shi a dakakken pistachio, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, ya yi kore shar, na dasa baƙin zaitun guda a gefen barkonon.

Tunda ba ya karɓa daga hannuna, ya ciro da nasa hannun.

Asabar da rana zauren shagalin ya cika maƙil. Ina jera gasasshen burodi kewaye da gungumen, sai ga Loredana cikin jar riga, tana ƙamshi kamar shagon turare ya fashe.

"A'a, Nunzia! Ashe aikatau kika zo? Sannu da ƙoƙari." Ta ɗaga murya don matan gefe su ji. "An ce kin sayar da zoben mutane kin sayi sabon firij. Gaskiya ne?"

"Matsa, gashinki zai faɗa a abinci."

"Ki tsaya ki ga sanarwa, kar ki gudu."

"Ina nan. Ina son ganin yadda ake baiko da yatsa tsirara."

Signora Dorina ta ƙwanƙwasa kofi da cokali, wuri ya yi tsit. Ta gode wa Allah, ta gode wa mijinta Signor Bepi, sannan ta kamo hannun Loredana.

"Yau kuma ina da albishir game da ɗana..."

Tiziano yana tsaye jikin tebur, kansa a ƙasa kamar kullum. A nan idonsa ya sauka kan zaitun ɗin. Na ga ya haɗiyi yawu. Ya ɗauki wuƙa, don dai ya sami abin yi da hannunsa, ya yanka.

Ƙas!

Kowa ya ji wuƙar ta daki ƙarfe.

Ya sa yatsu ya ciro ganyen, ya warware. Zoben kakarsa ya fito jajur da barkono.

"Madonna!" Signora ta dafe ƙirji, sai kuma fuskarta ta washe. "Ya dawo! Da hannunka ka ɗauka, kowa ya gani. Saka wa Loredana, ɗana."

Loredana ta miƙa yatsa tun kafin a rufe baki.

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Ni da kaina na kawo musu abin da suka rasa! Ya dube ni, na dube shi, bai ce uffan ba.

Shiru dai. Shirun nan nasa.

Na tattara farantaina na nufi ƙofa, ina roƙon Allah kar hawayen su zubo sai na kai mota.

"Nunzia, tsaya."

Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba. Na waiwaya. Ya kwashi gefen nan mai barkono ya lafta a burodi, ya tura a baki gaba ɗaya a gaban uwarsa. Fuskarsa ta yi ja, hawaye da majina suka ɓalle.

"Tiziano! Yaji ne! Tofar!"

"Na sani, Mamma. Shekaru nake ci a ɓoye." Ya yi tari, ya share hanci da hannun riga. "Na gaji da ɓoye abin da nake so. Loredana, ki yi haƙuri, ban taɓa cewa ina son ki ba, janye yatsarki. Mamma, ranar Ista kin zagi matar da ke kabari a gaban 'yarta, ni kuma na yi shiru. Laifina ya fi naki."

"A gaban mutane kake faɗa min haka?"

"A gaban mutane kika faɗa mata."

Loredana ta fizgi jakarta ta fice tana zage-zage. Signora ta zube a kujera tana kiran hawan jininta, amma Signor Bepi ya miƙa mata ruwa kawai ya ce, "Sha, Dorina. Yaron ya yi gaskiya."

Tiziano ya tako har bakin ƙofa ya durƙusa, idanu jajur.

"Rayuwata, ba ni hannunki."

"Ka makara."

"Na sani."

"Kuma zoben duk maiƙo ne, ƙazami."

"Na sani... ba ni dai."

Na ajiye farantan na miƙa masa hannu, ya saka min zoben. Yatsar ta yi ta raɗaɗin barkono har yamma, ban wanke ba.

Ranar aurenmu ni na yi gungumen da kaina, na jera baƙin zaitun tun daga wannan gefe har wancan. Signora Dorina ta zo, fuska a murtuke, ta zauna tana cin burodi gaya. Har yau ba ta kira ni 'yarta ba, ni ma ban roƙa ba.

Amma da wata baƙuwa ta tambaya wane irin abinci ne wannan, kafin in buɗe baki Tiziano ya amsa daga can ƙarshen tebur, yadda kowa zai ji:

"Girkin surukata ne, Allah ya ji ƙanta. Ba a taɓa mai irin hannunta ba a garin nan."