Ƙarar da Aka Kai Resi

"Kar ka ƙara kirana masoyiya, Korbinian."

Resi ce ta faɗa wa saurayinta haka cikin fushi. Yanzun nan alƙalan gasar duniya suka gama auna ƙarafan ƙasan keken da take tseren sulu da shi a gaban jama'a, wai an kai ƙara ta ɗumama su don su fi gudu a kan ƙanƙara. Ba a sami komai ba, amma kunya kam ta sha ta.

"Ki saurare ni mana..."

"In saurari me? Gundula ta gan ka kana shiga ɗakin alƙalai, kai ka kai ƙarata."

Babanta Alois, wanda shi ne kocinta, ya matso yana huci. "Ban gaya miki ba? Makanikin Jamusawa, abokan hamayyarmu, shi za ki kawo mana gida a Tirol?"

"Baba, na shiga, ban musa ba," in ji Korbinian. "Ji na yi an kai ƙararta, na je na ce in an same ta da laifi a kore ni daga wasan nan har abada."

Resi ta juya a hankali ta dubi Gundula, abokiyar wasanta tun suna yara.

"Ke kuma me ya kai ki ƙofar alƙalai har kika gan shi?"

Gundula ta taɓe baki. "Koci babanki, keke mai kyau naki, ni kullum ina bayanki kamar jela. Na gaji, shi ya sa na kai ƙarar."

"Ɗaki ɗaya muke kwana, Gundula..."

Sai aka kira sunan Resi. Ta kwanta rigingine a kan keken, ta sulale kamar kibiya. Zuciya ta ɗebe ta, a wata kwana kafaɗarta ta goge bango. Ta huɗu ta zo, babu lambar yabo.

A ƙarshen hanya ta tarar da Korbinian tsaye, ya bar mutanensa suna can suna murna.

"Har yanzu fushi nake," ta ce, idonta ya ciko.

"Da ni?"

"Da kaina. Ko tambayarka ban yi ba, na yarda da ita. Ka yafe min, abin ƙaunata."

Ya riƙe hannunta. Alois ya daɗe yana hararar su, sannan ya yi gyaran murya.

"Kai ɗan Bavariyar Jamus, ka kawo iyayenka ranar Lahadi mu yi magana. Amma wannan rigar Jamus ɗin, a mota za ka bar ta."