CV Ɗin Da Ya Ɓata Hanya

Ranar da ya fara shiga shagon buga takardun da take aiki, tulin takardu ya dire mata a gefen kwamfuta.

"CV ne. A gyara rubutun kawai, a fitar mini."

Ta buɗa shafin farko, ta buɗa na biyu, sannan ta ɗaga kai ta dube shi. Dogo ne mai fara'a, rigarsa ta sha guga. Zuciyarta ta ɗan motsa, amma ba ta bari fuskarta ta tona ta ba.

"Malam, aiki kake nema ko tarihinka za a karanta a rediyo? Har da kai ne monita a firamare."

"Ai shugabanci ne."

"Cikin abubuwan da kake sha'awa kuma ka sa barcin rana."

"Ba na son in yi musu ƙarya."

Ta ɗauki jan biro. Monita ya tafi, barcin rana ya tafi, sunayen ƙannensa suka bi sahu. Ta bar digirinsa da aikin da ya taɓa yi a siton wani kanti, ta tambaye shi me ya gyara a can. Ya ce shi ya tsara kayan har aka daina asarar waɗanda ke lalacewa.

"To ga magana nan, kai kuma ka binne ta a shafin ƙarshe."

Kafin ya ankara, rayuwarsa kaf ta koma shafi ɗaya. Tun daga ranar ya raɗa mata Almakashi, ita kuma ta sa masa Dogon Bayani. Kusan kullum sai ya dawo da wani gyaran, yau a ƙara layi, gobe a cire shi. Har mai shagon ta gane CV lafiyarsa lau, mai shi ne ke jinya.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Almakashina, kin yanke mini shafuka kin haɗa da zuciyata. Ya za mu yi?"

Ta amsa: "A taƙaice, je ka ga Abba."

Abbanta tsohon jami'in ɗaukar ma'aikata ne. Ya yi ritaya, amma aikin ya ƙi sakinsa. Duk mai neman 'yarsa sai ya kawo CV, kuma ya rantse ba zai ba marar aiki ita ba. Tuni wani da ake kira Mai Kwat ya kai nasa, takarda mai sheƙi, har da hoto da kwasa-kwasan ƙasashen waje.

"Kowane wuri da irin CV ɗinsa," in ji Almakashi. "Kada ka kai wa Abba na kamfani."

Sai ya zauna ya rubuta wa Abba na musamman, bai ko nuna mata ba. A makon ne kuma wani kamfanin rarraba magunguna ya nemi mai kula da sito. Ya sayi ambulan biyu iri ɗaya, ya kai kowanne inda yake zaton ya dace.

Abba ya kira shi falo, ya gyara tabarau.

"Yaro, ka rubuta babban burinka shi ne kula da kaya kada su lalace kafin a rarraba su. 'Yar tawa ce kayan?"

Gumi ya karyo wa Dogon Bayani.

"Ka kuma ce za ka iya aiki ko da ranakun hutu idan an biya ka. Ko sunanta ba ka ambata ba. Tashi ka ba ni wuri."

Almakashi, wadda ta ji komai ta bayan labule, ta kwana tana kuka. Ta turo masa: "Ka mai da ni abin dariya a gaban mahaifina." Daga nan ta daina ɗaukar wayarsa. Ya zauna jugum, yana ganin ya yi biyu babu.

Ana nan sai kamfanin ya kira shi intabiyu. Manajar, dattijuwa ce mai kaifin ido, ta zaro takarda ta karanta masa a gaban sauran:

"Aikin da nake nema: kula da ita har ƙarshen raina. Ƙwarewa: na iya jira a benci ba ƙorafi, na iya karɓar gyara ko da jan biro ne. Raunina: ba ni da aiki tukuna, amma ban daina nema ba."

Ta ajiye takardar. "Ɗana, ba mu da wannan gurbin."

Ɗakin ya kwashe da dariya, shi kuwa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amma manajar ta ce cikin tulin takardun da suka samu, kowa gwani ne a komai, shi kaɗai ya san abin da yake so kuma ya faɗi rauninsa. Ta yi masa tambayoyi kan aikin sito, ya amsa ba gargada. Ta miƙa masa takardar kama aiki, sannan ta mayar masa da wadda ta karanta.

"Wannan kuma ka kai wa mai ita."

Shi kuwa Abba, hali zanen dutse, ko takardar da ya ƙi sai ya kira shaidun da ke cikinta. Tsohon mai kantin ya yabi Dogon Bayani har Abba ya gaji da sauraro. Da ya buga lambar shaidan Mai Kwat kuwa, Mai Kwat ɗin na zaune a gabansa, sai waya ta kama ƙara a aljihun kwat ɗin. Mai Kwat ya ce bari ya shiga bayi, har yau bai dawo ba.

Dogon Bayani ya zo da takardu biyun, ya durƙusa ya miƙa. Almakashi na bayan labule, fushin ya riga ya narke tun da ta ji ambulan ɗin ya musanya. Abba ya karanta ta kama aiki ya gyaɗa kai. Ya ɗauki ɗayar, ya daɗe a kan layin farko, sannan ya cire tabarau ya goge idanunsa.

"Wannan aikin da kake nema, ni nake yinsa tun ranar da mahaifiyarta ta rasu ta bar mini ita a zanen goyo. Shi ya sa na tsananta. Ban taɓa son in miƙa shi ga kowa ba."

Ya mayar da tabarau, ya dubi Dogon Bayani.

"An ɗauke ka."

Ranar ɗaurin aure, Abba ya kama hannun 'yarsa ya sa a na mijinta, ya ɗan jima bai saki ba.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe mini ita da kyau, ɗana."