Injin da Aka Ce Bai Iya Fotokwafi Ba

Da safiyar Talata aka kira Sufeto ofishin kwastan, aka ce masa an yi sata amma babu abin da ya ɓata. Shi kuwa irin wannan magana ce ke hana shi zama. Ko shayinsa bai shanye ba ya ɗauki hula.

A bakin sito ya tarar da wata dattijuwa mai tabarau zaune kan benci, jaka a cinya. Ma'aikata na kiranta Uwar Lamba, don duk kayan da ya shigo ita ke faɗin layin da ya faɗa a littafin haraji, sau da yawa ba tare da ta buɗe littafin ba. Shekara talatin da ɗaya tana aikin, saura wata biyu ta yi ritaya. Jiya aka miƙa mata takardar dakatarwa.

"Ni na kira ka," in ji ta. "Sun ce na yi ƙarya a rahoto."

"Rahoton me, Malama?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Wani kamfani ya shigo da injina ɗari biyu, irin masu buga takarda daga kwamfuta, su ɗauki hotonta, su yi fotokwafi, duk a jiki ɗaya. Littafin yana da layin firinta, mai sauƙin haraji, da layin fotokwafi, mai nauyi.

"To shi mai yin duka fa?" Sufeto ya tambaya, har ya matso.

"Jemage ke nan, ba tsuntsu ba, ba ɓera ba. Sai a dubi aikin da ya rinjaya. Na ɗauki ɗaya na gwada, na ga yana zuba fotokwafi ko babu kwamfuta kusa, na sa shi a layin fotokwafi. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Jiya kwamiti ya buɗe kwalin wanda na gwada, sai ga firinta zalla, ba gilashi, ba murfi, kuma lambar jikinta ita ce wadda na rubuta." Ta gyara tabarau. "Ko idona ya mutu, ko na nemi cin hanci aka hana ni. Na biyun suka zaɓa."

Mai kula da siton wani tsoho ne mai ɗingishi, kowa Kawu yake ce masa. Ya buɗe ƙofa yana salati, ya nuna kwalin.

Sufeto bai fara da injin ba. Farin soson da ke tallafe shi ya duba, ya ga tsakaninsa da saman injin akwai ratar da hannu zai shige. An yanka soson ne don abin da ya fi wannan tsawo. Ya sa farce a takardar lambar, ya ji gefenta ya ɗago.

"Haka ya zo, ɗana," in ji Kawu. "Wannan inji bai taɓa yin fotokwafi ba. Tsufa ne ya kama baiwar Allah, ba mugunta ba."

"Wani abu ya fita daga nan a makon jiya?"

"Ko allura."

Sufeto ya yi godiya. Shi dai a saninsa, mai cewa ko allura yakan manta da raƙumi.

A ƙofar fita mai gadi ya jawo fayil. Dokarsu ita ce asalin takardar izinin fita ya bi kaya, kwafinta ya zauna a ƙofa. Ga ta ranar Alhamis: tsohuwar firinta, zuwa gyara, sa hannun Kawu. Wanda ya ɗauka shi ne ejan ɗin kamfanin, wani mai baki kamar reza da ake kira Yanzu-yanzu, kuma da la'asar ya dawo da kwalin.

"Ka ga asalin takardar?"

"Na nema, ranka ya daɗe. Ya ce tana cikin kwali, yana sauri. Surukin Kawu ne, ban tsananta ba."

Sufeto ya ɗaga takardar ya haska. A kusurwar hagu akwai wani siririn zane lanƙwasasshe kamar gashi.

"A ina zan yi kwafin wannan?"

Mai gadi ya yi dariya. "Injinmu ya mutu sati uku ke nan. Sai an tsallaka titi."

"Kawu ya tsallaka ranar Alhamis?"

"Da wannan gwiwar? In ya shiga da safe sai tashi."

Nan Sufeto ya ji abin nan da yake so, ƙaiƙayin tambaya. Injin ofis ya mutu, tsoho bai fita ba, amma ga fotokwafi. Ya koma wajen Uwar Lamba ya ce ta nuna masa takardun gwajinta. Guda biyar ne maƙale da rahoton, kuma kowacce da siririn zanen nan a kusurwar hagu.

"Ni na karce gilashin da wuƙar yanka kwali," in ji ta. "Na rubuta a shafi na biyu, don kada a ɗora wa wani."

Da azahar Sufeto da wani saje suka shiga ofishin Yanzu-yanzu, Kawu na biye da su ba don yana so ba. Ɗaki ne ƙanƙane, fanka na kaɗa takardu. A lungu akwai wani abu lulluɓe da labule.

"Wannan?" in ji Yanzu-yanzu. "Bara na saye shi, yallaɓai. Yanzu-yanzu zan nemo maka rasit."

"Kada ka wahala."

Sufeto ya yaye labulen, sai ga inji, ya ɗaga murfin. Takarda na kwance rub da ciki a kan gilashi, inda duk ma'aikacin da ke sauri yake manta ta. Ya juyo da ita: asalin izinin fita, shuɗin biron Kawu raɗau. A ƙarƙashinta ga karcen wuƙa.

"Ka ce wa mai gadi tana cikin kwali," in ji Sufeto. "Ita ce kaɗai gaskiyar da ka faɗa, ita ma ba da saninka ba."

Kawu ya nemi kujera ya zauna.

"Ni na ɓamɓare lambar na liƙa wa ɗayan," ya ce. "Mijin 'yata ne. Ya zo yana kuka, wai in ƙarar ta faɗi kamfanin zai kore shi. Na ɗauka za a ce kuskure ta yi, a wuce wurin. Da na rubuta izinin na tuna ana son kwafi, ga inji a gabana, sai na jona shi."

Aka fito da su biyun. Da motar ta tsaya a kwastan don sauke injin, Uwar Lamba na nan kan bencinta. Ta dubi Kawu ta taga, ranta a ɓace, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Shekara ashirin kana tambayata lafiyar jikoki, Kawu."

Bai ɗago kai ba. Saje ya ja mota.

Sufeto ya tsaya kan injin, hannu a ƙugu. Har yanzu abu ɗaya na cin sa.

"Malama, tsakani da Allah, shi wannan mene ne shi? Firinta ko fotokwafi?"

Ta ciro takardar dakatarwar daga jaka, ta shimfiɗa ta a kan gilashin, ta rufe murfi.

"Ai Kawu ya riga ya amsa. Da buƙata ta kama shi, me ya yi da shi? Jona min, ɗana. Kwamiti zai so kwafi."