Ɓarawon Da Ya Kwashe Kayan Leitu Kaɗai

Da hantsin Litinin wata mata ta kira ofishin 'yan sanda na Campbelltown ta ce an fasa mata gida. Aikin ƙaramin ɗan sanda ne, amma da yake hanyar Sufeto Garrick Pell ce, sai ya biya da kansa.

Ya tarar da matar, Leitu, tsaye a falo ko jakar tafiya ba ta ajiye ba. Dawowarta ke nan daga Brisbane wurin yayarta. Mijinta Tavita, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, yana zaune ya zuba tagumi. Gidan sabo ne, bara suka shiga.

Ta lissafa abin da ya ɓata: tufafinta, takalmanta, hotunan aurensu, sai tabarmar da kakarta ta saƙa a ƙasarsu Samoa, irin mai laushin nan da ba a fito da ita sai ranar aure ko ranar mutuwa.

"Sauran duk su tafi, yallaɓai," in ji ta. "Tabarmar nake so."

Sufeto ya zaga gidan. Talabijin na nan, kayan aikin Tavita na nan a gareji. A banɗaki buroshin haƙori ɗaya ne a kofi. Ya daɗe yana aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawon da zai bar talabijin ya ɗauki buroshin mace ba. Gilashin tagar da aka fasa kuwa, a waje ya zube kan ciyawa.

"Ina kake ranar Asabar?" ya tambayi Tavita.

"Coci, yallaɓai. Koyon waƙa, tun safe."

"Me ya hana ka kira mu tun ranar?"

"Na ce bari ta dawo tukuna."

Maƙwabciyarsu, tsohuwa Voula, tana ba tumatirinta ruwa, idonta kuma na kan gidan mutane kamar kullum. Ta jiyo amsar Tavita, don haka da Sufeto ya fito ba ta jira tambaya ba.

"Wace waƙa? Akwatuna ya yi ta lodawa a motarsa ranar Asabar da safe. Na ce a raina, shi ke nan ya kore ta, ɗan banza, yarinya mai gaisuwa."

Sufeto ya koma ya ja Leitu gefe, ya tambaye ta ko sun yi faɗa. Ta ce ko kaɗan. Ya tambayi sunan wa ke kan gidan, ta ce na Tavita kaɗai, don ya ce mata haka ya fi sauƙi. Ita ta taɓa mallakar ɗan ƙaramin gida da mijinta na fari, aka sayar bayan rasuwarsa. Da Tavita kuwa a wani cocin ƙauye a Samoa aka ɗaura musu aure, ba su taɓa yin rajistarsa a nan ba.

Nan Sufeto ya fara gano bakin zaren, don 'yarsa ma ba ta daɗe da sayen gida ba, ya san dokar. Ana yafe wa mai sayen gidan farko harajin saye, amma sai idan shi da matarsa babu wanda ya taɓa mallakar gida. Ya fita ya buga waya ofishin harajin jiha, ya dawo ya zauna gaban Tavita.

"Sun kira ka makon jiya, ko?"

Tavita ya gyaɗa kai.

"Lokacin da ka nemi a yafe maka haraji, me ka gaya musu game da matarka?"

Nan Tavita ya faɗi gaskiya. Ya ce harajin ya fi ƙarfinsa, in ba da yafewar ba da har yau suna haya, sai ya sa hannu cewa shi kaɗai ne. Da aka kira shi ana neman shaidar yana zaune a gidan, wani abokin aikinsa ya rantse masa cewa jami'an haraji har ɗakin kwana suke shiga su buɗe durowa. Tsoro ya kama shi, ya kwashe duk abin da zai nuna akwai mace a gidan. Tagar kuma ya fasa ta ne don ya sami abin gaya wa Leitu.

"Takardar kuɗin wuta kawai suke so ka aika," in ji Sufeto. "Babu wanda zai zo."

Leitu ta matso. "Ina kayan, Tavita?"

Ya ce ya ajiye su a gaban gidan abokin nasa, bakin titi, ya lulluɓe da tamfol. Abin da bai sani ba, yau ce ranar da motar hukuma ke kwashe tarkace a layin. Da ya je duba su da asuba, babu komai.

Sufeto ya tausaya masa ƙwarai, kuma ya yi da-na-sanin biyowa ta layin nan, amma ƙaryar da aka sa wa hannu ta wuce a rufe ta. Ya ce masa ya tashi su tafi. Bai sa masa ankwa ba.

A bakin mota Tavita ya juyo.

"Leitu, don ke na yi. Don mu sami gida."

"Sun ce kana da mata, ka ce a'a?"

"Na ce a'a."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta, ta miƙa wa Sufeto makullin gidan.

"Ka ba shi, yallaɓai, gidan gwauro ne. Ina ake kai tarkacen unguwar nan?"

Sufeto ya san tun a cikin motar tarkacen ake niƙe kaya. Duk da haka ya kwatanta mata hanya.