Laftof Tara Babu Ƙwaƙwalwa

Da ƙarfe goma na safiyar Litinin, shugabar wani ofishin zanen gine-gine ta kai ƙara caji ofis. Ta ce an yi mata sata, amma kayan suna nan inda ta ajiye su.

Sufeto ya ɗauki Saja suka bi ta.

A ɗakin ajiya laftof tara ne jere a kan kanta, kowace cikin kwalinta. Wata uku da saye, an tanade su domin sababbin ma'aikata. Yau aka zo rabawa, babu wadda ta kama. Da aka kwance bayansu, sai aka ga duk an cire musu furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'ura.

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a taɓa kwaɗo ba, taga kuma da ƙarfe.

"Wa ke riƙe mabuɗi?"

"Ni ce, Yallaɓai," in ji mai ajiya, wata matashiya da ke ta murɗa bakin mayafinta.

"Kin taɓa ba wa wani?"

"Ko sau ɗaya."

"To ke kika cire ke nan."

"Ni ko batirin waya ban iya cirewa ba."

Shugabar ta ce a tafi da ita kawai, can za ta tuna. Sufeto ya ce a bari tukuna, ya ɗauki laftof ɗaya ya sa a hammata.

A layin masu gyaran kwamfuta, wani dattijo da ake kira Mai Tabarau ya kara allon cikinta a fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba aikin gaggawa ba ne. Furosesar laftof a liƙe take da dalma, sai da injin iska mai zafi ake ɗaga ta. Fitar da laftof ɗin aka yi daga ofishin, aka gama a nutse, aka mayar."

"Me za a yi da ita?"

"Ana ɗora ta a kan wani ɗan faranti, sai ta zauna a allon kwamfutar tebur. Daga nan a ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Da kuɗi kaɗan ka samu dokin sukuwa. Illarta zafi. Idan ba a sa mata babbar fanka ba, ta ƙone."

"Kai kana yi?"

"Na daina."

Saja ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da irin farantan.

Mai Tabarau ya yi tari. "Haɗawa na daina. Sayarwa kuwa, ai ba laifi ba ne."

"Wa ya saya kwanan nan?"

"Wani mai furfura, ba ɗan layin nan ba. Bibbiyu yake saye, duk Asabar. Kullum da fensir a bayan kunne."

Bayan azahar suka koma ofishin. A zauren zane mutum biyar ke aiki, huɗu sun zuba tagumi suna jiran kwamfutocinsu su gama fitar da hoto. Na biyar, babban mai zane, wanda ya shekara goma sha tara a ofishin, ya riga ya shiga zane na gaba. Akwatin kwamfutarsa ya fi na kowa tsufa, amma yana huci kamar injin niƙa.

Sufeto ya dafa akwatin, ya janye hannu saboda zafi.

"Malam, taka ta fi ta kowa sauri."

"Kulawa ce. Ina share mata ƙura."

"Ka san layin masu gyara?"

"Ban taɓa zuwa ba."

Sufeto ya dubi fensirin da ke bayan kunnensa, sannan ya ce wa Saja ya nemo sukundireba.

Da aka buɗe akwatin, sai ga wata ƙatuwar fanka an ɗaure ta da waya. A ƙarƙashinta furosesar laftof ce zaune a kan ɗan faranti. Saja ya goge ta, ya karanta lambar da ke jiki. Ta dace da ta kwalin laftof ta huɗu.

Aka kira mai ajiya. Tana ganin akwatin a buɗe ta fashe da kuka.

"Yaya, ka ce dubawa kawai za ka yi."

"Yayanki ne?" in ji Sufeto.

"Mijin yayata ne. A gidansa na tashi, shi ya samo mini aikin nan. Duk Juma'a yake karɓar mabuɗin, ya dawo da shi Litinin."

Mai zanen ya cire fensirin ya ajiye a tebur.

"Ku bar yarinyar nan, ba ta san komai ba. Shekara biyu ina roƙon a canza mini na'ura, ana ce mini babu hali. Sai ga sababbi tara an kulle wa waɗanda ba a ma ɗauka ba. Ɗaya na yi niyyar cirewa."

"Ya aka yi ta zama tara?"

"Uku sun ƙone a hannuna kafin na gane kan abin. Ta huɗu ce wannan. Da na ga ta tashi, aikin awa biyu ya koma na minti ashirin, sai na kasa tsayawa. Sauran biyar na haɗa wa masu shagon wasan kwamfuta."

"Da ka yi magana," in ji shugabar.

"Na yi, ranki ya daɗe. Sau bakwai, a rubuce."



Sufeto ya ce mai ajiya ta biyo su ta ba da bayani a matsayin shaida. Saja ya sa wa mai zanen ankwa, ya cire wayoyin akwatin ya rungume shi, domin ya zama kayan shaida.

Shugabar ta biyo su har bakin mota.

"Sufeto, zanen asibitin da za mu miƙa gobe yana cikin wannan akwatin. Kuma duk ofishin nan babu mai iya ƙarasa shi sai shi."

"Ki rubuto takarda," in ji Sufeto. "Za a duba."

Ya rufe ƙofar mota.